Ciwon Shawara na Jarirai a Ƙasar Boɗinga da Shagari: Waiwaye Cikin Tarihi

Gabatarwa

A cikin harshen Hausa akwai kalmomi biyu masu rubutu iri ɗaya, amma ma'anarsu ta yi hannun riga. Akwai shawara wadda mutum kan nema wajen na gaba da shi idan al'amari ya shige masa duhu, akwai kuma shawara ciwo, wadda kan mai da idon mutum da fatarsa ruwan ɗorawa. Wannan maƙala ta shafi ta biyun ce, musamman irin wadda kan kama jariri tsakanin ranar haihuwa da ranar suna. Nufina shi ne in bi diddigin yadda aka san wannan ciwo, da yadda aka gano maganinsa, sa'an nan in duba abin da ya sa har yanzu yake cin 'ya'yanmu, alhali kuwa maganin ya shekara fiye da sittin a duniya.

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu kuwa, wani ɗan'uwana ne da aka haifa a ƙauyenmu sa'ad da nake yaro. A rana ta uku aka ce idonsa ya sāke, aka ce ai shawara ce, za ta wuce. A rana ta biyar ya ƙi kama nono, ya riƙa wani irin kuka mai tsini, yana banƙarewa. Aka yi turare, aka yi jiƙe-jiƙe, aka ce iska ce. Yaron ya rayu, an kuma yi masa suna, amma har ya girma ba ya ji, wuyansa bai tsaya sosai ba. Sai da na zo jami'a na ba wani abokina ɗalibin likitanci wannan labari, ya sunkuyar da kai ya ce da ni, a littattafansu waɗannan alamu suna da suna, kuma fitila ce maganin abin in an zo da wuri. Tun daga ranar nake neman sanin yadda aka yi wannan fitila ta daɗe haka ba ta iso ɗakin jegonmu ba.

Ƙasar da Muke Magana a Kanta

Wanda ya fito daga Sakkwato ya kama hanyar Jega, Boɗinga zai fara tararwa, sa'an nan in ya ƙara gaba ya iske Shagari kafin ya kai Tambuwal. Ƙananan hukumomi biyu ne daga cikin 23 na Jihar Sakkwato. A ƙidayar 2006 Boɗinga tana da mutum fiye da 170,000, Shagari kuma fiye da 150,000, galibinsu manoma da makiyaya mazauna ƙauyuka.

Wannan ƙasa ba baƙuwa ba ce ga ilmi. Wajen shekarar 1810 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa, wadda yanzu take cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga, yana karantarwa yana wallafa har 1815, lokacin da ya koma Sakkwato. A wannan zamani ne ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kafin ya koma Gwandu bayan rasuwar Shehu a 1817. Shagari kuwa ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, ya yi aikin koyarwa, ya zama Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a 2018. Na kawo waɗannan ne don mai karatu ya ga cewa garuruwan nan a bakin babbar hanya suke, kusa da birni, kuma suna da gadon malanta. In har ciwon da fitila ke warkarwa zai iya naƙasa yaro a nan, to, ina ga wuraren da suka fi su nisa?

Mece ce Shawarar Jariri?

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mu san abin da ke faruwa a jikin jariri. A cikin jinin mutum akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska zuwa sassan jiki. Ƙwayar jinin babba takan yi kwana 120 kafin ta mutu, ta jariri kuwa ba ta wuce kwana 60 zuwa 90. Idan ƙwaya ta mutu ta fashe, wani sinadari mai launin rawaya kan fito daga cikinta, shi ne likitoci ke kira bilirubin. Sunan ya samo asali daga kalmomi biyu na Latin, ɗaya tana nufin ruwan maɗaciya, ɗaya tana nufin ja. Aikin hanta ne ta sarrafa wannan sinadari ta tura shi cikin hanji ya fita tare da kashi.

To, jariri yakan zo duniya da ƙwayoyin jini masu yawa, masu saurin mutuwa, ga shi kuwa hantarsa ba ta gama ƙwari ba. Saboda haka sinadarin yakan taru ya fito a fata da ido. Wannan ya sa kimanin kashi 60 cikin 100 na jariran da suka cika wata tara, da kashi 80 cikin 100 na bakwaini, sukan yi shawara a makonsu na farko. Takan bayyana a rana ta biyu ko ta uku, ta kai iyakarta tsakanin rana ta uku da ta biyar, ta washe da kanta kafin mako biyu. Watau tsofaffinmu da ke cewa za ta wuce ba su yi ƙarya ba, galibi takan wuce ɗin.

Inda gizo ke saƙa shi ne, a jikin wasu jarirai sinadarin yakan hau ya wuce kima, ya ƙetara daga jini ya shiga ƙwaƙwalwa, ya lalata sassan da ke kula da ji da motsin gaɓoɓi. Jaririn yakan fara da yawan barci da ƙin nono, sa'an nan kuka mai tsini, da sandarewa, da banƙarewa, da jijjiga. Wasu sukan mutu a cikin 'yan kwanaki. Waɗanda suka tsira sukan tashi da kurumta ko rashin iya sarrafa jiki, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa. Wani ƙiyasi da masana suka buga a 2013 ya nuna cewa a shekarar 2010 kaɗai jarirai kimanin 114,000 ne suka mutu a duniya ta wannan hanya, akasarinsu a Afirka da kudancin Asiya.

Zamanin Masu Jihadi da Maganin Gargajiya

Likitocin Musulunci na dā sun san shawara, suna kiranta yaraƙan, Ibn Sina ma ya yi bayaninta a cikin Alƙanun. A ganinsu, ruwan maɗaciya ne ke rinjayar sauran ruwayen jiki ya bazu cikin fata. Idan aka dubi abin da aka gano daga baya, za a ga sun kusanci gaskiya, tun da hanta da maɗaciya su ne hanyar fitar sinadarin.

Shugabannin jihadi sun gaji wannan ilmi na ɗibbu, sun kuma yi rubutu a kansa. Malam Abdullahi ya wallafa Masalihul Insan, littafin da ya haɗa abin da ya shafi gyaran addini da na jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai da dama kan magani, har da wanda ya keɓe ga ciwon ido da wanda ya keɓe ga basir. Sa'ad da Baturen nan Kyaftin Kilafaton ya zo Sakkwato a 1824, daga cikin abubuwan da Bello ya nema a wajen Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita. Wannan abin lura ne ga duk mai zaton kakanninmu sun ƙi maganin da ya zo daga waje. Sun neme shi tun kafin Turawan kansu su gano maganin shawarar jarirai.

Amma fa ilmin littafi yana hannun malamai ne, sha'anin haihuwa kuwa yana hannun mata: ungozoma, da kaka, da gwaggo. Su ne masu yanke cibi, su dafa ruwan wankan jego, su dama kunun kanwa, su ba jariri ɗauri. Sanannen maganin shawara a ƙasar Hausa da maƙwabtanta shi ne saiwar rawaya, tsiron nan da ake rini da shi, wanda launin rawaya ma daga gare shi ya sami suna. Tun da yake galibin shawarar jarirai takan washe da kanta, duk abin da aka ba yaro sai a ga kamar shi ya yi aiki, maganin ya ƙara samun shaida. Ɗan kaɗan ɗin da ciwon ya hau musu ƙwaƙwalwa kuwa, da yake alamunsu sun koma banƙarewa da jijjiga, sai a fitar da su daga babin shawara a sa su a babin iska ko maita, wani ma in ya girma bai zauna ba a ce ɗan ruwa ne. Ta haka aka raba ciwo ɗaya gida biyu, aka kasa ganin igiyar da ta haɗa rawayar ido ta rana ta uku da kurumtar da za ta bayyana bayan shekara. Babu laifin kowa a nan, domin ganin wannan igiya sai da aka buɗe ƙwaƙwalwa aka duba.

Abin da Aka Gano a Turai da Amurka

A 1875 wani likitan Jamus mai suna Johannes Orth ya binciki gawar wani jariri da ya mutu da shawara, ya iske wasu sassan ƙwaƙwalwarsa sun rine rawaya. A 1904, watau shekara guda bayan Turawa sun ci Sakkwato, wani Bajamushen kuma, Georg Schmorl na birnin Diresdin, ya tabbatar da wannan, ya ba abin suna da ke nufin shawarar cibiyar ƙwaƙwalwa. Bayan 'yan shekaru likitan Holan, Hijmans van den Bergh, ya fito da hanyar auna yawan sinadarin a cikin jini. Daga nan aka tashi daga kallon launi da ido aka koma ga lissafi.

Saura sanin abin da ke sa jinin wasu jarirai ya riƙa fashewa da sauri haka. Karl Landsteiner ya riga ya gano rukunonin jini na A da B da O a 1901. A 1940 shi da Alexander Wiener suka gano wani rukunin da ake kira Rh, a 1941 kuma Philip Levine ya nuna cewa idan uwa ba ta da shi ɗanta yana da shi, jikinta kan ƙera abin da zai yaƙi jinin ɗan. A ƙarshen shekarun 1940 Louis Diamond na birnin Boston ya daidaita hanyar musanyar jini ta jijiyar cibiya, watau a riƙa zuƙe jinin jariri kaɗan-kaɗan ana mayar masa da wani. A 1952 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa gwargwadon hawan sinadarin, gwargwadon haɗarin ƙwaƙwalwa, daga nan likitoci suka riƙi miligiram 20 a cikin mililita 100 na jini a matsayin iyakar da ba a son a ƙetare. Allurar da ke kare uwa daga matsalar Rh ta fito a 1968.

Maganin da ya fi kowanne sauƙi kuwa, wata nas ce ta yi sanadinsa. A 1956, a asibitin garin Rochford a Ingila, Sista Jean Ward takan fitar da bakwaini su sha hantsi, don ta yi imani iska da rana suna yi musu amfani. Wata rana aka ga jikin wani jariri ya washe, sai wurin da gefen zane ya rufe ne kaɗai ya saura rawaya. Ba a daɗe ba kuma aka manta kwalbar jinin wani jaririn a bakin taga, da aka auna sai aka ga sinadarin ya ragu. Likita Richard Cremer da abokan aikinsa suka bi sawun abin, suka haɗa fitila mai shuɗin haske, suka buga sakamakonsu a mujallar Lancet a 1958. Abin da ke faruwa shi ne, shuɗin haske yakan sāke ƙirar sinadarin a cikin fata, ya mai da shi mai narkewa a ruwa, ya fita ba tare da ya jira hanta ba. Amurkawa ba su karɓi wannan ba sai bayan gwajin da Jerold Lucey ya yi a 1968. Daga nan fitila ta bazu, ɓarnar ƙwaƙwalwa ta shawara ta zama abin da ba a cika gani ba a ƙasashensu.

Abin da Aka Gano a Nijeriya

Da likitocinmu suka fara bincike, sai suka ga labarinmu ya bambanta da na Turai. A can, kimanin mutum 15 cikin 100 ne ba su da Rh, a nan kuwa wajen 5 ne kawai, amma duk da haka shawara mai tsanani ta fi yawa a nan. Ashe akwai wani dalili dabam.

A 1956 aka gano a birnin Shikago cewa wasu mutane suna da ƙarancin wani sinadari mai kare ƙwayar jini, wanda ake taƙaita sunansa da G6PD. Gado ne, ɗa namiji kan same shi ta wajen uwarsa, kuma kusan ɗaya cikin biyar na mazan Nijeriya suna da wannan ƙaranci. A 1969 Lucio Luzzatto da Essien Usanga da abokin aikinsu suka nuna a Jami'ar Ibadan cewa ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ba ta jin daɗin zama a irin wannan jini. Wannan ne ya sa gadon ya yawaita a ƙasashen sauro: yana ba da kariya ta wani gefe, yana jawo haɗari ta wani. Mai wannan jini lafiyarsa lau, sai fa in ya haɗu da wasu abubuwa da kan sa ƙwayoyin jininsa su fashe gaba ɗaya.

Waɗanne abubuwa ne? A 1980 Olowe da Olikoye Ransome-Kuti suka buga binciken da suka yi a Ikko, inda suka nuna haɗarin hoda mai mantoli da ake barbaɗa wa cibiyar jariri. An kuma tabbatar da haɗarin kafur, fararen ƙwallayen nan da ake sawa cikin akwatin tufafi don kore kyankyaso. Uwa ta tanadi kayan jariri tun tana da ciki wata shida, ta zuba musu kafur don ƙauna, ranar haihuwa a fito da su a naɗe yaro a ciki, sinadarin ya shiga ta fata da numfashi. Likitoci a ƙasashen Larabawa sun ba da rahoton irin wannan ga jariran da aka shafa wa lalle.

Binciken da ya fi kusa da mu shi ne wanda Ahmed da Yakubu da Hendrickse suka buga a 1995 daga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Sun iske manyan dalilan shawara mai tsanani guda biyu ne: shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, da ƙarancin G6PD. Sa'an nan suka kwatanta jariran da aka haifa a asibiti ana bibiyarsu da waɗanda aka haifa a waje aka kawo su daga baya. A cikin na farko, ƙasa da kashi 3 cikin 100 na masu shawara mai ƙarfi ne ciwon ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, a cikin na biyu kuwa kusan kashi 20 ne. Jini iri ɗaya, gari ɗaya, asibiti ɗaya. Bambancin kawai shi ne ranar da ido mai sani ya fara ganin yaron.

Asibiti Ya Zo, Haihuwa Tana Gida

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka sāke mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Asibitin koyarwarta kuwa an kafa shi a 1980, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, yana kuma da sashe na musamman don jarirai. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka yi alkawarin kai kiwon lafiya matakin farko ga kowa, Farfesa Ransome-Kuti kuma, wanda muka ambata a baya, ya ɗauki wannan aiki da gaske sa'ad da ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992. Sannu a hankali ƙananan asibitoci suka bazu a gundumomi.

Sai dai gini ya riga al'ada sauri. Binciken lafiyar iyali na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Idan muka ajiye wannan kusa da sakamakon Zariya, za mu ga inda matsalar take. Jaririn Boɗinga ko na Shagari, galibi, yana cikin rukuni na biyu ne, na waɗanda ba a kawowa sai abu ya yi nisa.

A duba kuma yadda kwanakin suka faɗa. Sinadarin yakan kai ƙololuwa tsakanin rana ta uku da ta biyar, daidai lokacin da mai jego take cikin ɗaki, ba ta fita, ba a fita da jariri sai an yi suna. Ɗakin yana da ƙaramar taga ko babu, hasken fitilar kananzir shi kansa ruwan ɗorawa ne, fatar yaro kuwa baƙa, rawaya ba ta saurin nunawa a kanta. Maigida hankalinsa yana kan rago da goro. A wasu gidaje akan hana jariri dakashi, watau nonon farko, a ce ba shi da kyau, alhali shi ne ke sa jariri kashi, kashin nan kuwa shi ne hanyar fitar sinadarin. A cikin makon ne kuma ake kiran wanzami ya cire belu, in askarsa ko abin da aka yanke cibi da shi ba su da tsabta, ƙofar cuta ta buɗe. Ko an lura da rawayar ma, wa zai yanke hukuncin tafiya asibiti? Mai jego, musamman ta fari, kunya ba ta barinta ta yi magana kan ɗanta, sai abin da manya suka ce. Kafin a nemi izini, a nemi kuɗin mota, kwana biyu sun wuce, kwana biyun nan kuwa su ne kome.

Sababbin Dabaru

Fitilar asibiti tana son lantarki, lantarki kuwa ba kullum ba. Wannan ya sa wasu suka koma kan abin da Sista Ward ta gani. Shanya jariri a rana kai tsaye haɗari ne, musamman a ƙasa irin tamu inda zafi kan haura digiri 40 a bazara: yana ƙona fata, yana busar da ruwan jiki, yana kuma ɓata lokacin da ya kamata a ce an tafi asibiti. Amma a 2015 Tina Slusher da Bolajoko Olusanya da abokan aikinsu suka buga gwajin da suka yi kan jarirai 447 a wani asibitin haihuwa a Ikko, inda aka yi rumfa da wata leda ta musamman mai tace hasken rana, ta tare mai cutarwa ta bar shuɗin ya wuce, ma'aikata kuma suna auna zafin jikin yaran a kai a kai. Ga shawara marar tsanani, rumfar ta yi aiki daidai da fitila. Haka kuma wata mata a Jihar Bayelsa, Virtue Oboro, bayan ɗanta ya sha da ƙyar a 2015, ta jagoranci ƙera gadon jariri mai shuɗiyar fitila da ke aiki da hasken rana, mai suna Crib A'Glow.

Wani binciken da aka buga a 2020, wanda asibitocin Kano da Zariya da Jos suna cikinsa, ya nuna abin da ya fi waɗannan arha. Matan da aka yi wa bayanin shawara tun suna da ciki sun riƙa kawo 'ya'yansu da wuri, ɓarnar ƙwaƙwalwa kuma ta ragu ƙwarai a cikin 'ya'yansu idan aka gwada da na waɗanda ba a yi wa bayani ba.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna mana cewa an san illar ciwon tun 1875, an san maganinsa tun 1958, an kuma san dalilansa a ƙasarmu tun shekarun 1980. Abin da ya rage shi ne labarin ya shiga ɗakin jego, ya kai ga kaka da ungozoma, waɗanda su ne ke ganin jariri a rana ta uku.

Wannan aiki ba sabo ba ne a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke ɗaukar ilmi a cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci su kai wa matan ƙauyuka har cikin gidajensu. A zamaninmu ma, a 2013 Jihar Sakkwato ta zama ta farko a Nijeriya da ta raba maganin shafa wa cibiya mai suna kuloheksidin gida-gida, ta hannun mata 'yan sa-kai 2,440 a gundumomi 244, har da na Boɗinga da Shagari. Hanyar da ta kai maganin cibiya za ta iya kai bayanin shawara.

Bayanin kuwa ba shi da yawa. A fito da jariri bakin ƙofa kowace safiya a makon farko, a duba farin idonsa da dasashinsa a hasken rana, a danna goshinsa ko hancinsa da yatsa a ga launin da zai bayyana. Rawaya takan fara daga kai ta gangara ƙasa. In ta bayyana a ranar haihuwa, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ko yaro ya ƙi nono, ko ta wuce mako biyu, a tafi asibiti a ranar, kada a jira suna. A ba shi dakashi tun daga farko, a yawaita ba shi nono, a raba kayansa da kafur, a raba cibiyarsa da hoda, a raba jikinsa da lalle.

A nan ne mu ɗaliban Hausa muke da abin yi. Likita ya san ciwon amma sau da yawa da Turanci ya san shi, kaka kuwa da Hausa take ji. Mu ne muka koyi tsara waƙa da wasan kwaikwayo da shirin rediyo, mu ne kuma za mu koma Sifawa da Boɗinga da Shagari hutu, mu shiga gidajen da likita ba ya shiga. Wanda ya je barka a wannan hutu, ya roƙi a fito masa da jaririn bakin ƙofa ya dubi idonsa, ya kuma gaya wa masu gida dalili. Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya.